Iliyasu da Motar Ƙofa Huɗu

Ina cikin wani shago a unguwar Asian Town, nan Doha, ranar Juma'a da hantsi, ina gwada takalmin aiki, sai wayata ta yi ƙara. Sista Rifkatu ce, ma'aikaciyar jinya 'yar Jos da ke zaune a Al-Sadd, wadda kusan duk mai jin Hausa da ciwo ya taɓa kai shi asibiti a garin nan ya san ta. Ba ta tsaya gaisuwa ba, kuma wannan ba halinta ba ne. Ta tambaye ni ko akwai kujera kusa da ni. Na ce ta faɗi abin da ke bakinta.

"Baba Sule, an kawo mana Malam Iliyasu da safen nan," in ji ta. "Ya riga ya cika kafin su iso. Fuskarsa na gani na gane shi."

Na yi salati, na ce daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Mai shagon yana durƙushe da ɗaya takalmin a hannu yana jira in miƙa ƙafa. Na cire wanda na saka, na ba shi haƙuri, na fita cikin rana. Daga baya abokan ɗakinsa suka gaya mini cewa ya idar da sallar asuba, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, zai ɗan kishingiɗa kafin lokacin masallaci. Likitoci sun ce zuciya ce ta tsaya. Ba ni da ilimin da zan yi musu da su. Abin da na sani shi ne nauyin da zuciyar nan ta ɗauka a shekararta ta ƙarshe, don a gabana aka ɗora mata shi.

Na san Iliyasu tun a kwalejin fasaha a Kaduna, ina ajin ƙarshe yana shigowa. Injiniyancin motoci muka karanta mu biyu, a zamanin da ake gaya mana ƙasa tana jiranmu. Mun yi aiki tare a wani kamfanin harhaɗa motoci har ranar da aka sa kwaɗo a ƙofarsa. Bayan nan kowa ya shiga fama, ni koyarwa a makarantar kuɗi da ba ta biyan malamai, shi gareji a bakin titi ƙarƙashin bishiyar dalbejiya. Ni na fara zuwa Doha, shi ya biyo baya, muka sake haɗuwa a gareji ɗaya a Sana'iyya, unguwar garejoji da masana'antu. Ni ne mai miƙa filta da fulogi ta tagar sito, takardun karatuna suna ƙasan akwati inda kyankyaso kaɗai ke karanta su. Shi kuwa kowa Usta yake kiransa, wato babban makaniki. Amma a katinsa na zama, lebura aka rubuta.

Mutanen gida ba su san nauyin wannan kalma ba. A nan, sana'ar da aka rubuta a katinka da inda albashinka ya tsaya su ne ke yanke ko iyalinka za su zo su zauna da kai. Lebura ba ya kawo iyali. Iliyasu ya bar matarsa Hajara a Kaduna da Maryam da Sadiƙu da tsohon ciki, ya yi fiye da shekara goma yana ganinsu hutu zuwa hutu. Autarsu Nana ta koyi magana tana kiransa Baban waya. Da dariya ya ba ni labarin, amma ya daɗe yana goge wata sifana da ta riga ta yi fes.

Mutum ne mai sanyin hali. Ban taɓa jin ya ɗaga murya a kan wani ba, har waɗanda suka cancanta. Kafin ya taɓa sitiyarin motar mutane sai ya wanke hannu, ko da motar ta kusa mutuwa ce. Idan ya canza wani abu a mota sai ya zuba tsohon a leda ya ajiye wa mai ita a kan kujera, ya gani da idonsa. Yakan ce wa sauran makanikai, 'yan Nepal da 'yan Sudan, "Ka ɗaure noti yadda wanda zai kwance shi bayanka ba zai zagi mahaifinka ba." Ranar Juma'a yakan tuƙa tuwon semo a ɗakinsu da miyar kukar da Hajara ke aiko masa, kuma duk wanda ya leƙo, tambayarsa ta farko ita ce ko ya ci abinci. Motar Sista Rifkatu, wata tsohuwa da ya kamata a ce ta huta tuntuni, shi ya riƙe ta a kan titi shekara da shekaru, bai taɓa karɓar komai ba sai sakwara idan ta daka ta Kirsimeti. Ni yakan kira ni Yaya idan muna mu biyu, idan kuma yana son ya tsokane ni a gaban mutane sai ya ce Injiniyan Sito. Duk lokacin da na fara zagin ƙasarmu da waɗanda suka cinye ta, da wannan ƙasa da yadda take tatsar ƙuruciyar mutum ta mayar da ɓawon gida, sai ya saurara har in gaji, sannan ya ce, "To Yaya, an ji. Gobe akwai aiki."

Mai garejinmu, wanda shi ne kafil ɗinmu, wato wanda izinin zamanmu a ƙasar ke hannunsa, yana da ɗa mai suna Hamad, matashi mai fara'a wanda bai taɓa rasa abin da ya nuna da yatsa ba. Farkon bara ya kamu da son tseren mota irin wanda ake yi lokacin sanyi a filin da ke gefen Sana'iyya. Ga wanda bai taɓa gani ba: motoci biyu ne ke jeruwa a wani gajeren titi miƙaƙƙe, fitila ta ba su hannu, su fizga, kafin ka ja numfashi kaɗan an gama. Babu kwana. Wadda ta fi ƙarfin inji da rashin nauyi, tayoyinta kuma suka kama ƙasa tun tashin farko, ita ce da nasara. Hamad ya riga ya sayi inji, wani ƙato da ya zo a cikin akwatin katako. Bodin da za a dasa shi ne babu. Ya kira Iliyasu ofis, ni ma ina wurin don ni zan riƙa nemo kaya, ya ce ya zaɓi bodin da ya ga dama ya gina masa motar. Ya yi alkawari biyu. Idan motar ta doke ta wani abokinsa da suke gasa tun suna yara, zai sa mahaifinsa ya canza wa Iliyasu kati zuwa ma'aikacin fasaha, da albashin da zai ba shi damar kawo iyali. Na biyun kuwa a tsaye ya faɗe shi, yana laluben makulli a aljihu: idan kakar tsere ta wuce zai cire injinsa, bodin kuma Usta ya riƙe, kyauta.

Ina jin Hamad ya manta da alkawari na biyu kafin ya kai ƙofar motarsa. Iliyasu bai manta ba.

Mun yi Juma'o'i muna yawo a makabartar motoci da ke bayan gari, wadda a nan ake kira sikirab, mu uku da Awudu, mai waldar garejinmu, mutumin Zangon Kumasi mai bakin barkwanci. Lokacin zafi ne, irin wanda ƙarfe ke ƙona tafin hannu, amma ban taɓa ganin Iliyasu cikin nishaɗi irin na kwanakin nan ba. Ya san abin da yake nema, kuma ni da na karanta abin da ya karanta ban ga wurin gyara ba. Dole ta zama motar da tayoyin baya ke tura ta, don a tashin farko nauyi baya yake komawa. Ɗakin inji ya zama da faɗi, yadda ƙaton zai zauna hannu kuma ya samu hanyar shiga. Shasi, wato ƙashin bayan motar, ya zama bai taɓa cin karo ba. Kada ta zama mai tsatsa, don motar da ta zauna kusa da teku ƙasanta kamar biskit yake. Abin da ya fi nanatawa kuma, ta zama irin wadda kayanta suke zube ko'ina, saboda motar tsere kullum cikin karya abu take, kuma wanda zai jira jirgin ruwa ya kawo masa ƙarfe ɗaya kaka za ta wuce shi yana jira. Yakan shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin mota, ya bi ƙarfen da sifana yana ƙwanƙwasawa yana saurare. Yakan ja zare daga kusurwa zuwa kusurwa ya ga ko shasin ya karkace. Ya buɗe ƙofa ya rufe, ya sake buɗewa.

Hamad ya turo hoton wata motar Amurka mai ƙofa biyu, ja, kyakkyawa. Muka je muka same ta. Iliyasu ya ja zarensa ya ce ta taɓa faɗuwa, miƙe ta aka yi aka rufe da fenti, kuma ko madubinta sai an yi oda. Aka bar ta. Daga nan muka samu wadda ta dace, wata 'yar Japan mai ƙofa biyu, mara nauyi, ƙasanta tas, ga 'yan'uwanta a jere a wurin ana cire musu kaya. Awudu ya buga bayanta ya ce khalas, shi ke nan, an samu amarya. Iliyasu ya yarda ba ta da aibu, amma bai ce a ɗauka ba. Ya wuce layi na gaba, inda wata doguwar farar mota take, mai ƙofa huɗu da dogon baya, irin waɗanda a gida ake lodin fasinja da su daga Kaduna zuwa Jos. Ya duba ta kamar sauran. Sannan ya yi abin da bai yi wa ko ɗaya ba. Ya buɗe ƙofar baya, ya kakkaɓe kujerar, ya shiga ya zauna. Ya daɗe a ciki, cikin wannan zafi, hannunsa a kan wurin zaman da ke gefensa.

Da ya fito ya kawo hujjojinsa, kuma ba na banza ba ne. Doguwar mota ta fi tafiya a miƙe, ba ta wasa da gindi idan aka sakar mata ƙarfi, ga shi Hamad sabon hannu ne. Ɗakin injinta ya fi faɗi. Kayanta sun fi na kowace mota yawa da arha. Ya ce ya san kowane noti a jikinta tun yana bakin titi a Kaduna. Nauyin kuwa, injin zai biya.

"Masta," in ji Awudu, "tsere za mu je, ko doya za mu kai kasuwa?"

Iliyasu ya yi dariya har da riƙe ciki, amma ita aka ɗaura wa janwe. Da Hamad ya gan ta a gareji shi ma dariyar ya yi, ya ce ya ma fi, abokinsa zai raina ta sannan ya sha kunya a hannun motar tsofaffi.

Sai wanda ya yi aikin mota a ƙasarmu zai fahimci abin da ya biyo baya. Mu ba mu taso muna rage wa mota ƙarfe ba. A wurinmu mota takan fara da babban mutum, ta koma tasi, ta koma ɗaukar tumatir, kuma a kowane mataki ƙara mata makaniki yake yi: ƙarin sifirin, ƙarin faranti a ƙasa, ƙarin walda a inda ramin titi zai iya tsaga ta. Hannunmu ya saba da gina abin da jikoki za su gada. Motar tsere kuwa duk rayuwarta ba ta wuce tsawon shan kofin ruwa ba, kuma duk abin da ba ya tura ta gaba cirewa ake yi. A fitar da kujeru, a kwashe cikin ƙofofi a like su da walda, a sa roba a madadin gilashi, a yanke ƙasan baya don faffaɗan tayoyi su samu wuri, a ratsa cikinta da kejin ƙarfe mai kare direba.

Iliyasu ya yi rabin wannan. Ya cire kafet da rediyo da na'urar sanyi. Ya kwance kujerar baya, amma bai jefar ba. Ya naɗe ta a leda ya kawo mini sito, notocinta a cikin gwangwanin madara, ya ce in ajiye masa inda ɓera ba zai kai ba. Kejin ƙarfen shi ya zana shi, yadda wata rana za a iya kwance rabinsa na baya. Ƙofofin baya ya bar su suna buɗewa, da gilashinsu da abin ɗaga shi. Ƙasan baya kuwa ya hana Awudu kusantarsa da abin yanka, don haka tayoyin da suka shiga ba su kai faɗin da ake bukata ba. Har wani faranti na kama shi yana ƙarawa a ƙarƙashin inda fasinja ke sa ƙafa. Na tambaye shi na mene ne. Ya ce wurin ya ɗan yi laushi. A watannin nan ne kuma ya fara tambayar Sista Rifkatu ina ake samun ɗaki da falo mai sauƙi, wace makaranta ce ke karɓar yaran da suka fara karatu a gida, ko mace mai ɗinki za ta samu abin yi.

Wata rana bayan la'asar na ja shi shagon shayi da ke kan layinmu, na sa aka kawo mana karak, shayin nan mai kauri da madara, na yi masa magana ba ɓoye-ɓoye. Na ce na bi lissafinsa, a takarda ya kusa, amma takarda ba ta san santsin titi ba.

"Ka yanke motar nan, Iliyasu. Ka ci tseren tukuna. In iyalinka sun iso ka ɗauko su a tasi, ba wanda zai tambaye ka."

Ya yi ta juya kofinsa a kan tebur. "Yaya, tun da na zo ƙasar nan motocin da ake kai 'ya'yan wasu makaranta nake gyarawa. Ina tsintar takalmansu da alawarsu a ƙarƙashin kujera. Sau ɗaya nake so in tsaya a filin jirgi in buɗe ƙofar baya in ce wa nawa su shiga."

Na ce masa idan motar ta sha kashi ba za su zo ba balle su shiga. Ya ce ya sani, amma ba za ta sha kashi ba, ya auna ya sake aunawa. Na tuna masa cewa ni da shi mun taɓa aunawa muka ga ƙasarmu za ta ƙera motarta kafin mu yi furfura. Bai ji haushi ba. Ya shanye shayinsa, ya ce in daina ɓata rai, ba ya yi wa tsoho kyau.

Ranar gwaji ta zo a farkon sanyi, da yamma kafin magariba. Hamad ya zo da jama'arsa, abokin gasar ya zo da tasa motar, 'yar ƙarama mai ƙofa biyu da aka kwashe cikinta ƙarƙaf, tayoyin bayanta kamar ganguna. Tamu a gefenta ta yi kama da uwa ta rako ɗa. Amma da Iliyasu ya tashe ta, duk wanda ke wurin sai da ya juyo. Ban taɓa jin inji ya zauna lafiya a cikin bodi kamar wannan ba. Fitila ta ba da hannu. Tayoyinmu suka yi ta juyawa a wuri ɗaya suna hayaƙi na ƙiftawar ido kafin su kama, kuma a wannan wasa ƙiftawar ido ita ce komai. Ta tafi a miƙe kamar an ja mata layi, ba ta karkata ba, ba abin da ya karye, tana ma neman cim ma ƙaramar a ƙarshe. Amma titin gajere ne. Aka rage iskar taya aka sake. Aka sake kuma. Kowane karo ƙaramar tana gaba da tsawon mota ko fiye.

Hamad ya fito ya cire hular kwano. Bai yi fushi ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Dariya yake yi. Ya zagaya ya ja ƙofar baya, ya ga tana buɗewa, ya ɗaga gilashin ya sauke a gaban abokansa, sannan ya dafa kafaɗar Iliyasu ya ce da Larabcinsa gauraye da Turanci, "Usta, ai wannan motar kai yara makaranta ce." Suka fashe da dariya. Iliyasu ya yi murmushi tare da su, don ma'aikaci a nan ya san lokacin da ake murmushi. Ya roƙi a ba shi ɗan lokaci ya gyara. Hamad ya ce yalla, ba damuwa, ya shiga motar abokinsa suka tafi cin abinci.

Washegari da na iso gareji na tarar ya riga kowa. Bai jira Awudu ba. Shi da kansa ya riƙe injin yankan ƙarfe, ya shiga bayan motar ya durƙusa, ya yanke ƙasan da ya hana kowa taɓawa, har da farantin da ya ƙara. Ya kwashe cikin ƙofofin baya, ya zare gilasan ya jingine su a bango a hankali, sannan ya ce wa Awudu ya like ƙofofin. Awudu ya jawo abin waldarsa ya like su. Ni ina tagar sito ina kallo. Shawarar da na bayar ce ake bi, kuma ban taɓa ƙin ganin abu kamar yadda na ƙi ganin wannan ba. Da azahar ya zo taga ya ce in nemo masa faffaɗan tayoyi. Bai tambayi kujerar ba, ni ma ban ambace ta ba.

Motar da ta fito daga wannan yanka, na yi imani da ta ci. Ba a taɓa gwada ta ba. Hamad ya yi tafiya, ya dawo, ya leƙo gareji bayan makonni, ya zagaya ta ya ce masha Allah. Sannan ya nuna mana hoto a wayarsa. Ya sayi motar tsere gamammiya daga waje, tana cikin jirgin ruwa, da makanikinta Bature da zai biyo ta. Ya ce a cire injinsa a mayar akwati. Iliyasu ya bi shi har bakin mota ya tambayi maganar kati, cikin ladabi, da ƙaramar murya. Hamad ya ce insha Allah, zai yi wa baba magana. Daga nan duk haɗuwarsu insha Allah ce, har Iliyasu ya daina tambaya. Ba na cewa Hamad mugu ne. Na fi zaton bai taɓa sanin akwai wata mata a Kaduna da rayuwarta ke rataye da wasansa na yamma ba, kuma a cikinmu ba wanda ya isa ya zaunar da shi ya gaya masa. Bodin dai ya bar wa Usta kamar yadda ya ce: ƙwarya mara inji, ƙasanta a yanke, ƙofofinta a like, wadda ba za a taɓa ba ta lamba ta hau titi ba.

Iliyasu ya koma canza mai da gyaran birki. Bai fasa wanke hannu ba, bai fasa tuwon Juma'a ba. Amma ya rage magana, ya kuma daina tsokanata. Idan na fara ɓaɓatuna sai ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya ce gaskiya ne. Wannan ya fi komai tsorata ni. A duk garin nan shi kaɗai ne ba ya yarda da ni, kuma da ya fara yarda sai na rasa bangon da nake jingina. Ya fara ciwon kai, ƙafafunsa suna kumbura cikin takalmi. Sista Rifkatu ta auna jininsa ta yi masa faɗa kamar ƙaninta, ta ce ya zo asibiti ranar hutunsa. Ya ce zai zo. Ranar hutun aka kai shi, a kwance.

Takardu suka ɗauki kwanakinsu. Hajara ta aiko cewa kada a wahalar da gawarsa da jirgi, a rufe shi inda Allah Ya karɓi abinSa. Ni da Awudu muka tsaya aka yi masa wanka. Aka sallace shi bayan la'asar. Sahun bai kai rabin wanda zai samu a Kaduna ba, amma akwai 'yan Nijeriya, akwai mutanen Zango, ga 'yan Nepal da ba sa salla sun tsaya daga nesa da rigunan aikinsu, Sista Rifkatu da mijinta kuma a bakin ƙofar makabarta. Mai garejin ya zo, ya yi ta'aziyya yadda ya kamata. Hamad yana ƙasar waje wajen tsere.

Bayan mun dawo na kira Hajara. Ta yi haƙuri irin wanda ni ban iya ba, ita ce ma take ba ni baki. Ta tambayi ko ya sha wahala, na ce a'a. Ta tambayi ko za a iya gane kabarin, na ce akwai lamba, na riƙe ta. Sannan ta ce akwai abin da take so ta sani, ba ta san wa za ta tambaya ba sai ni. Tun bara ya ce ta yi wa kanta da yaran fasfo, ta sayar da keken ɗinkinta aka cika aka yi. Har makon da ya rasu yana gaya mata saura kaɗan, takarda ɗaya ake jira. Yaran sun riga sun gaya wa duk 'yan ajinsu.

"Yaya, don Allah ka gaya mini," in ji ta. "Takardar ta kusa fitowa kuwa?"

Na ce ta ba ni lokaci, zan rubuta komai yadda ya faru, ita da 'yan'uwansa su karanta.

Ba ta kusa ba, Hajara. Ba a ma kai ta ofis ba. Ya san haka tun sanyin bara, ya ɗauke shi shi kaɗai, don ya gwammace ku kwana da sa rai a kan ku kwana da abin da yake kwana da shi. Ban san ko daidai ya yi ba. Na dai san duk abin da ya yi a ƙasar nan, har kuskurensa, ku yake kallo.

Ya Allah, bawanKa Iliyasu ya zo gare Ka daga ƙasar da ba tasa ba, hannunsa bai ci haƙƙin kowa ba. Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa wahalar baƙunci ta zama kaffara a gare shi, Ka saukar da shi Aljanna Firdausi. Ka ba Hajara juriyar abin da ta rasa da na abin da ta karanta yanzu. Ka raya Maryam da Sadiƙu da Nana, Ka zama gatansu, kada Ka sa neman abinci ya raba su da nasu 'ya'yan. Mu da muka rage a nan, muna tsufa a ɗakunan gado bisa gado, ban san abin da zan roƙa mana ba sai cikawa da imani. Allah Ya jiƙan Iliyasu. Amin.